Magajin Takarda da Magajin Shari'a: Ina Matsayin Zumunci a Dokokin Zamaninmu?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutum, Ya sanya masa dangi ta wajen uwa da ta wajen uba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Watanni kaɗan da suka wuce, bayan sallar La'asar, wata baiwar Allah ta aiko yaro ya yi mana sallama a ƙofar masallacin da muke wa'azi a nan Ƙofar Kwaya. Ba ta daɗe da fita takaba ba. Mijinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu ya bar mahaifiyarsa, da ita, da 'ya'ya biyar, maza biyu mata uku. Da aka fara neman abin da ya tara a asusun fansho da na banki, sai aka tarar sunan ƙanensa ne a gurbin nan na fom da ake rubuta makusancin mutum, wanda jama'a suka saba fassarawa da "magaji". Marigayin ya cike fom ɗin ne tun yana saurayi, bai kuma sake waiwayarsa ba. Ƙanen ya kwashe takardu ya kulle a ɗakinsa, ya ce shi ne magaji.

"Allah gafarta Malam, ni ba ƙara na kawo ba," in ji ta. "Tambaya ce ta kawo ni. Shin da gaske ne takarda ta fi 'ya'ya?"

Muka aika aka kira ƙanen. Mutum ne mai kunya, ba irin wanda za a gani a ce maciyin dukiyar marayu ba. Ya ce, "Malam, Yaya ne ya rubuta sunana da hannunsa, babu wanda ya tilasta shi." Da muka gama yi masa bayani, ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ɗago ya ce, "To Malam, in dai ba ni da ko sisi a gadon Yaya, wace doka ce ta ɗora mini cin yaran nan da karatunsu? Tun da aka share makoki ni kowa yake kallo."

Waɗannan tambayoyi biyu su ne dalilin wannan rubutu, domin ba gida ɗaya suka shafa ba. Amsarsu ita ce za ta nuna mana iyakar abin da doka take iya tsarewa na zumunci, da abin da ta bar wa tsoron Allah, da kuma inda manufofin gwamnati suka yi karo da yadda iyalanmu suke a zahiri.

Abin da takarda take nufi

Mu fara da tambayar matar. Sunan da mutum ya rubuta a wannan gurbi na fom, sunan wanda za a fara tuntuɓa ne idan wani abu ya same shi. Ba wasiyya ba ne, ba kyauta ba ne, ba ya kuma mayar da kowa mai dukiya. Ko dokar fansho ta tarayya ta shekarar 2014, wadda a ƙarƙashinta ma'aikaci ke zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki kuma kashi 10, ta tanadi cewa ba za a saki abin da ke asusun mamaci ba sai an gabatar da wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin gudanar da dukiyar mamaci, kuma a bi wasiyyar ko dokar da ta shafi shi mamacin. Ga Musulmi, wannan doka ita ce Shari'a.

Malamai na wannan zamani suna bambance abu biyu a nan. Akwai abin da ma'aikaci ya mallaka da guminsa tun yana raye, kamar ajiyarsa da albashin da yake bi. Wannan tarika ce, ana raba ta rabon gado. Akwai kuma abin da wata hukuma ta bayar bayan rasuwa a matsayin taimako ga wasu mutane da ta ambata. Wannan yana bin sharaɗin mai bayarwa. Saboda haka ya kamata a kai kowane kuɗi gaban masani a tantance shi kafin a taɓa.

A gidan da muke magana, lissafin a bayyane yake. Bayan an biya kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya idan akwai, mahaifiya tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, mata tana da sumuni, kashi ɗaya cikin takwas, sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Mu ƙaddara abin da ya rage naira 8,400,000 ne. Mahaifiya za ta ɗauki 1,400,000, mata 1,050,000, kowane ɗa 1,700,000, kowace 'ya 850,000. Ƙane ba shi da komai, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa. Waɗannan rabe-rabe suna cikin Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ba a bar su ga ra'ayin kowa ba.

Wannan rigima ba sabuwa ba ce. Bayan yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, matar Sa'adu bin Rabi'u (RA), wanda ya yi shahada a ranar, ta zo wa Manzon Allah (SAW) da 'ya'yanta mata biyu, tana kukan cewa baffansu ya kwashe dukiyar mahaifinsu bai bar musu komai ba. Da ayar gado ta sauka, sai Manzon Allah (SAW) ya umarci baffan ya ba yaran kashi biyu cikin uku, ya ba mahaifiyarsu sumuni, ya riƙe abin da ya rage. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wannan labari. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Kitabul Farƙ ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci da sunan gado cikin zaluncin da ya tuhumi sarakunan zamaninsa da shi. Abin da ya sauya a yau shi ne hujjar da mai ƙwacen yake riƙe da ita: da ƙarfi ne, yanzu fom ne.

Tsarin mulkin ƙasa bai toshe wannan hanya ba. Sashe na 277 na kundin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da nasaba da renon yara da waƙafi da kyauta da wasiyya da gado na Musulmi, har da kula da Musulmin da ya gajiya a jiki ko hankali. Jihar Katsina tana da kotunan Shari'a da ke sauraron waɗannan shari'u kullum. Saboda haka matar da ke neman haƙƙin marayunta ba alfarma take roƙo ba. Littafin Allah da dokar ƙasa duka suna bayanta.

Lokacin da ake fakewa da zumunci

Idan wannan ƙane ya so ya yi amfani da takarda ya yanke zumunci, akwai wasu da suke yin akasin haka, kuma sun fi yawa. Su ne masu fakewa da zumunci su danne haƙƙin da doka ta tabbatar.

Duk wanda ya san tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Katsina, ya san gidan gado. Mai gida ya rasu shekara talatin ko arba'in da suka wuce, ba a raba ba. Maza suna ciki da iyalansu, an fasa shaguna ta bakin titi ana karɓar haya, mata kuwa suna gidajen aurensu ba sa ganin komai. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta yi ƙarfin hali ta ɗaga maganar, sai a ce tana son watsa gidan ubanta, sai a daina gaishe ta a wurin biki. Kafin a ankara magada na farko sun rasu, an shiga rabon da malaman gado ke kira munasakha, gado a cikin gado, magada takwas sun koma sittin, wasu ba su ma san juna ba. Gidan da aka ƙi rabawa don a tsare zumunci, shi ne ƙarshe yake kai jikoki gaban alƙali.

Mu sani cewa rabon magaji yana zama mallakarsa ne tun daga lokacin da mamaci ya cika. Wanda ya ci gaba da amfani da shi ba da yardar mai shi ba, yana cin dukiyar wani ne, ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Yafiyar da aka samo da kunya ko tsoron gori ita ma ba yafiya ba ce. Kuma Shari'a ba ta ce dole sai an rushe gida ba. Ana iya yi masa ƙima, wanda ke ciki ya sayi rabon sauran. Ana iya barinsa a haɗe, a rubuta rabon kowa, a riƙa raba haya. Idan wani ya sayar da rabonsa ga bare kafin a raba, sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin su karɓe shi. Duk waɗannan hanyoyi ne na haɗa haƙƙi da zumunci wuri ɗaya.

A nan dokar zamani takan ƙara wa aikin nauyi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ce filin da ke da shaidar mallaka ta gwamna ba za a tsaga shi gida biyu ko fiye saboda rasuwar mai shi ba sai da amincewar gwamna. Ma'ana, ko alƙali ya gama rabo, akwai sauran tafiya kafin kowane magaji ya riƙe takardarsa. Mai ƙarfi yana iya wannan tafiya. Bazawara mai goyo da ƙyar.

Iyakar abin da alƙali zai tilasta

Yanzu ga tambayar ƙanen, wadda ta fi ta farko nauyi. Wace doka ce ta ɗora masa ciyar da 'ya'yan yayansa? Gaskiyar da muka faɗa masa ita ce: a mazhabar Imam Malik, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, alƙali ba zai tilasta shi ba.

Da yawa daga cikinmu ba su san haka ba. A cikin mazhabobi huɗu, Malikiyya ce ta fi taƙaita ciyarwar da ake tilastawa saboda dangantaka. Bayan mata, mutum yana ciyar da iyayensa biyu idan matalauta ne, da 'ya'yan cikinsa, namiji har ya balaga yana mai iya nema, mace har ta tare a gidan miji. Ban da kaka, ban da jika, ban da ɗan'uwa, balle ɗan ɗan'uwa. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Mukhtasar na Shehu Khalil, littattafan da ake karantawa a zaurukan Katsina tun zamani mai nisa. Shafi'iyya sun faɗaɗa zuwa kakanni da jikoki. Hanafiyya sun shigar da duk wani muharrami na jini. Hanbaliyya kuwa sun ɗora ta a kan duk wanda zai gaji mabuƙacin da ya mutu.

To don me malamanmu ba su ji tsoron marayu za su tozarta ba? Domin sun yi hukuncin ne a cikin tsarin da ke da wasu ginshiƙai. Maraya ana ciyar da shi daga dukiyarsa idan yana da ita, shi ya sa danne gadonsa ya zama laifi biyu. Idan ba shi da ita, akwai baitul mali. Halifa Umar (RA) ya kafa diwani, ya yanka wa jarirai ma rabonsu. Akwai kuma zakka. A lura da hikimar da ke nan: mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa, amma yana iya ba ɗan'uwansa da gwaggonsa da 'ya'yan ɗan'uwansa. Daidai inda ƙofar tilas ta rufe, nan ƙofar zakka ta buɗe, kuma hadisi ya tabbatar da cewa sadaka ga ɗan'uwa lada biyu gare ta, na sadaka da na sada zumunci.

Sannan rashin tilastawar alƙali ba ya nufin rashin tambayar Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin cewa mai yanke zumunci ba zai shiga Aljanna ba. Lokacin da Sayyidina Abubakar (RA) ya rantse zai daina taimakon ɗan'uwansa Misɗahu saboda bakinsa da ya shiga cikin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha (RA), aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka, ya koma yana ba shi abin da ya saba. Babu kotun da ta hukunta shi. Wannan shi ne abin da muka faɗa wa ƙanen marigayi: alƙali ba zai kama ka ba, amma wanda ya biya maka kuɗin makaranta har ka zama mutum, 'ya'yansa ne waɗannan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Akwai wasu gurabe biyu irin wannan da ya kamata iyalai su sani. Na farko, jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado idan akwai baffanni maza. Maganinsa yana hannun kakan: ya yi masa kyauta a miƙa masa tun yana raye, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Na biyu, ɗan riƙo. Musulunci ya soke mayar da ɗan wani naka, kamar yadda aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzab suka bayyana, amma ya girmama riƙon maraya, har yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa. Wanda ya raini yaro shekara ashirin bai rubuta masa komai ba, ya bar shi a rana.

Iyalin da gwamnati take gani

Idan baitul mali ne ya kamata ya cike gurbin da tilas ta bari, to a yau gwamnati ce ke zaune a wannan kujera. Sashe na 17 na kundin tsarin mulki ya ɗora mata kare yara da matasa da tsofaffi daga wulaƙanci da watsarwa, da ƙarfafa rayuwar iyali. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa. Manufa ce, ba bashi ba ne da za a bi a kotu.

Ba mu ce ba a yi komai ba. An fara ba matalauta tallafin naira 5,000 a wata a zamanin Shugaba Muhammadu Buhari. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta yi shelar ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku. Jihar Katsina ta samu dokar kare yara a 2020, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Radda ta kafa Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Waƙafi. Waɗannan matakai ne da suka cancanci a yaba.

Abin dubawa shi ne irin iyalin da aka zana tsare-tsaren a kansa. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya, alal misali, an gina ta ne a kan ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18; duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Ina mahaifiyar da Shari'a ta wajabta masa ciyarwa? Ina marayun ɗan'uwansa da ke cin tuwo a kwano ɗaya da 'ya'yansa? A kan takarda ba su nan, amma a asibiti suna nan.

Mu da ke zaune a bakin hanyar Dutsin-ma mun ga wannan da idanunmu. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Batsari da Jibiya, mutane suke shigowa birni da ƙullin kayansu a kai. Da yawansu ba sansani suke nema ba, gidan ɗan'uwa suke tambaya. Malamin firamare mai ɗaki biyu ya wayi gari da gwaggonsa da jikokinta shida. Mai shayi ya ba ƙanwarsa da 'ya'yanta ɗakinsa, shi ya koma kwana a shago. Waɗannan mutane suna yin aikin da ya kamata a ce hukuma ce take yi, amma idan aka zo rabon tallafi, sau da yawa ana ƙidaya su gida ɗaya ne, a ba su rabon gida ɗaya. Zumunci shi ne babbar hukumar jin ƙai da muke da ita, ga shi ba shi da kasafin kuɗi. Idan aka ci gaba da loda masa kaya ba a tallafe shi ba, wata rana zai durƙushe, kuma alamun haka su ne yaran da ke yawo a shataletale da tsofaffin da ke zaune a ƙofofin masallatai.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan tambaya ba. A Ingila, dokar matalauta ta 1601 ta tilasta iyaye da kakanni da 'ya'ya su ɗauki nauyin mabuƙacinsu. A 1948 aka soke ta, gwamnati ta ɗauki nauyin, aka bar wa mutum matarsa da ƙananan 'ya'yansa kawai. Wasu ƙasashen Asiya kuwa sun bi ta ɗaya hanyar. Singafo ta yi doka a 1995 da ta ba tsoho damar kai 'ya'yansa ƙara su ciyar da shi, Indiya ta yi makamanciyarta a 2007, Sin kuma a 2013 ta sa ziyartar tsofaffin iyaye cikin doka. Wannan ya nuna cewa kuɗin gwamnati ba ya maye gurbin ɗa, sammacin kotu kuma ba ya haifar da tausayi. Abin da waɗannan ƙasashe suka kai gare shi bayan doguwar wahala, Shari'a ta tanade shi tun farko: uba ko uwa mabuƙata suna iya neman alƙali ya yanka musu ciyarwa a kan ɗansu mai hali.

Daga ƙasashen Musulmi akwai darussa biyu. Masar ta yi dokar wasiyya a 1946, wadda ta ba jikan da mahaifinsa ya riga rasuwa rabo daga cikin sulusi ko da kaka bai yi wasiyya ba. Malamai sun yi saɓani a kanta, ba kuma muna kira a ɗauko ta ido rufe ba, amma ta isa abin da malamanmu za su zauna su tattauna. Tunisiya a 1993, da Masar a 2004, sun kafa asusun da ke biyan mace da 'ya'yanta kuɗin ciyarwar da kotu ta yanke, sannan hukuma ta bi uban ta karɓa. Duk wanda ya taɓa ganin matar da ta ci shari'a amma ta koma gida da takardar hukunci kawai, ya san amfanin irin wannan asusu.

Abin da ya rage gare mu

Ga magidanta, nasiharmu ita ce a koma a duba fom. Duk wanda ya rubuta suna a wurin aiki ko banki tun yana saurayi, ya je ya sabunta, ya kuma faɗa wa wanda ya rubuta, a gaban shaidu, cewa amana ce aka ba shi ba mallaka ba. A rubuta bashi da ajiya da wasiyya tun da sauran lafiya. Wanda ke riƙe da maraya ko jika, ya yanka masa abin da Shari'a ta halatta tun yanzu.

Ga dangi, a raba gado da zarar an biya bashi, a kuma kira mata a zauna da su, kada a aika musu da saƙo bayan an gama. Mai zakka ya fara duba gidan ɗan'uwansa kafin ya tara layi a ƙofar gidansa. Ga mu limamai da masu unguwanni, sulhun da za mu yi kada ya zama na lallashin mai rauni ya haƙura. Sulhu yana zuwa ne bayan kowa ya san rabonsa.

Ga hukumomi, muna roƙon abu huɗu. A fassara wannan gurbi na fom da Hausar da ba za ta ruɗi kowa ba, a daina kiransa magaji. A buɗe wa ma'aikaci hanya mai sauƙi ta shigar da iyayensa da marayun da ke hannunsa cikin inshorar lafiya. Hukumar Zakka da Waƙafi ta yi rajistar gidajen da ke riƙe da marayu da 'yan gudun hijira, ta tallafa wa yaro a inda yake cikin danginsa, domin hakan ya fi gidan marayu araha, ya kuma fi masa alheri. Sannan majalisar jiha ta duba yiwuwar asusun ciyarwa, da rangwamen kuɗin takardun fili ga magada.

Wataƙila mai karatu zai so jin yadda aka ƙare a gidan da muka fara da shi. Ƙanen ya kawo takardun, aka je gaban alƙali, aka raba kamar yadda Allah Ya raba, aka tsare rabon ƙananan. Ba za mu ce zukata sun gama wankewa ba. Har yanzu akwai nauyi tsakaninsa da matar yayansa. Amma an shaida mana cewa shi ne ya biya kuɗin makarantar babban yaron na wannan zango, kuma ranar Juma'a yakan biya ya ɗauki mazan su taho masallaci tare. Kotu ce ta karɓar wa yaran gadonsu. Kuɗin makaranta da rakiyar Juma'a kuwa, babu takardar da ta umarce shi da su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya marayunmu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta rashin tsaro, Ya sa mu cikin masu sada zumunci ko da an yanke musu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.